Mabuɗin akurki yana aljihuna, ni kuwa ina Damagaram



Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da kowane mai rai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ƴan'uwa masu bin wannan zaure, da yawanku kun tarbe ni a ƙofar masallaci ranar da na dawo daga Damagaram, kun yi mini barka da sauka, Allah Ya saka da alheri. Waɗanda suka halarci Asuba washegari sun ji na yi tuntuɓe a surar da na haddace tun ban kai shekara goma ba, har sai da aka tuna mini daga sahu. Wani dattijo ya ce gajiyar hanya ce, na kuwa yi shiru na bar shi a kan haka. Gaskiyar magana, ban runtsa ba a daren nan saboda abin da na tarar a bayan gidana. Na yi kwanaki ina shawara da zuciyata ko in faɗa muku ko in rufe. Sai na ga mas'ala ce ta wajibi, kuma duk wanda ke da kaza ko akuya ko tantabara a gidansa, a nan Sabon Gari ko wani kartiye, tana iya faɗa masa kamar yadda ta faɗa mini. Saboda haka a yau karatun namu a kan liman zai biyo.

Kwana biyu bayan Ƙaramar Salla muka tashi da iyali gaba ɗaya don sada zumunci da wani ƙanen mahaifina wanda tsufa ya hana shi tafiya. Hanya ce ta sama da kilomita 230, ta Cadawa da Agi da Gazawa da Tasawa. Niyyarmu kwana huɗu. Kun san halin ƴan'uwa idan an daɗe ba a haɗu ba: wannan ya ce sai an kwana gidansa, wancan ya ce akwai ɗaurin aure ranar Juma'a, kuma ba zai yiwu liman ya zo gari a ɗaura ba da shi ba. Kwana huɗu suka zama takwas. Na buga waya na shaida wa na'ibi ya ci gaba da jan salla. Na buga wa maƙwabcin da na bar wa jar akuyarmu da ƴaƴanta biyu, na ce ya ƙara haƙuri, zan biya kuɗin harawa. Kajin da ke bayan gida kuwa, wallahi ko sau ɗaya ba su faɗo mini a rai ba.

Ka duba wannan da kyau, ya ɗan'uwa. Akuya mai kuɗi ce, na nema mata babban mutum mai hankali, na ajiye mata harawa da dusa, na riƙa tambayar lafiyarta daga nesa. Kaji kuwa goma sha huɗu ne da zakara ɗaya, na kora su cikin akurki mai rufin kwano, na datse da kwaɗo don tsoron ɓarayi, na zuba musu dawa da dusa na kwana huɗu. Na kira wani almajirina ɗan shekara goma sha biyu, na ba shi mabuɗin ƙofar gida, na ce da shi ina saɓa jaka: "Ka riƙa leƙa kaji." Iyakar wasiyyar ke nan. Mabuɗin akurki na jefa shi a aljihun rigata, domin a can ƙasan zuciyata ban amince wa yaron da shi ba. Uwargida ta ce da ni tun daren da za mu tafi: "Malam, da ka bari an kai su Jiratawa wajen ƙanwata, can suna da fili da inuwa." Na ce kwana huɗu ne kacal, kada a wahalar da mutane.

Muka sauka Maraɗi da hantsi. Sunna ce wanda ya dawo daga tafiya ya fara da masallaci ya yi raka'a biyu, kamar yadda ya zo a hadisin Ka'abu ɗan Maliku, sai na ce iyali su jira ni a gidan surukaina da ke kusa da tasha, na wuto masallaci. Na yi nafila, na zauna ana gaisawa, aka kawo shayi, aka kawo mini wata rigimar gado na saurara, har aka kira Azahar. Sa'a uku na yi a nan, tsakanina da gidana bai fi taku ɗari biyu ba. Ina raya sunna, farilla tana can tana haki a ƙarƙashin kwano.

Da na buɗe ƙofar gida wari ne ya fara tarbata. Na sami kaji biyar da zakaran a kwance, sun riga sun sandare, tururuwa ta hau wasu. Sauran tara suna raɓe a gefen da inuwa ta ɗan rage, bakuna a buɗe, fukafukai a sake, ba mai ƙarfin ko kyarkyara. Kaskon ruwa yana kife a tsakiyar akurki. A bakin ragar kuwa, daga waje, ƙasa ta yi laka ta bushe, ta sake jiƙewa ta bushe, har ta yi ɓawo. Ban gane ma'anar lakar nan ba sai da yaron ya zo.

Ya shigo yana rawar jiki, ya durƙusa, ya ce: "Allah gafarta Malam, ban yi wasa ba." Ga abin da ya faru. Kwana huɗun farko yana zuwa safe da yamma, yana tarar ruwa a famfo yana zura bakin buta ta raga yana cika kasko. A rana ta biyar famfo ya ɗauke a layinmu. Randa tana cikin madafa, madafa a kulle. Ban bar masa ko dala ba, balle ya sayi bido ɗaya wurin ƴan ga-ruwa. Sai ya koma ɗebo ruwan alwala daga masallaci a buta, sau biyu, wani lokaci sau uku a yini. A rana ta shida kajin suka yi turereniya a kan ruwan suka kife kaskon, hannunsa kuma ba ya kaiwa, ya sa kara ya kasa juya shi. Daga nan ya riƙa kwarara ruwan a ƙasa ta raga, suna tsotsar abin da suka samu kafin ƙasa ta shanye. Dawa ta ƙare, ya riƙa gutsuro musu tuwon da ya samo a bara. Na ce me ya hana ka gaya wa ladan a fasa kwaɗon? Ya sunkuyar da kai ya ce: "Na ji tsoro a ce na kai ƙarar Malam, ko a ce na fasa gidan Malam."

Wani maƙwabci da ya leƙo ya ce mai yiwuwa annoba ce, ya tuna mana da murar tsuntsayen da ta ɓulla a Magariya a shekarar 2006, aka yi ta hallaka kaji a yankin. Ina shaida muku, zuciyata ta yi tsalle ta kama maganar nan, domin annoba daga Allah take, ba ta da mai laifi. Amma na san annobar kaji da muka saba gani da sanyin hunturu take yi wa gari shara, tana bin gida gida, ga kuma kajin maƙwabta suna kiwonsu lafiya lau. Waɗanda suka rage na fito da su inuwar darbejiya, na ba su ruwa mai sanyi kaɗan kaɗan, kafin Magariba bakwai sun miƙe, biyun ma suka bi su da safe. Cutar da kofin ruwa ke warkarwa ƙishirwa ce, ba ta da wani suna. Mushen kuwa na haƙa rami mai zurfi na binne, kuma haka ya kamata kowa ya yi ko mene ne sanadin mutuwar. Cin su haramun ne, jefa su a kan bola ko cikin kwata cutar da jama'a ne, kuma idan kaji suna zubewa da yawa ba ka san dalili ba, ka sanar da likitocin dabbobi kafin ta tsallaka katanga.

Kaza halitta ce da ba ta gumi. Zafin jikinta a kan kansa ya kai wajen digiri 41, kuma ba ta da hanyar rage shi sai haki da sakin fukafukai da shan ruwa. A rana mai sauƙi babbar kaza tana shan kusan rubu'in lita, a bazara tana iya ninka wannan. Ka lissafa kai goma sha biyar, ka ga lita nawa ake bukata, sa'an nan ka dubi cikin buta. Ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40 a inuwa, to ina ga ƙarƙashin kwano da tsakar rana? Wannan duk na san shi, tun ina yaro a Tibiri nake ganin kaji suna tona ƙasa mai sanyi a gindin randa suna kwantawa. Sani na nan, kulawa ce ta yi ƙaranci.

A daren na ɗauko hadisin da ni kaina na karantar da ku ba sau ɗaya ba, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar da Abu Huraira, game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa. Shekara da shekaru ina karanta shi a matsayin labarin wata muguwar mace mai ƙeƙasasshiyar zuciya, wadda ba ta da kama da ni ko da ɗayanku. A daren nan sai na ga laifin nata kashi biyu ne a cikin lafazin hadisin: ta tsare ba ta ciyar ba, kuma ba ta saki ba balle dabbar ta nemi ƙwarin ƙasa da kanta. Da ta yi ɗaya daga cikin biyun da kyanwa ta rayu. Har ma ya zo cewa an nuna wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wannan mata a lokacin sallar kisfewar rana, kyanwar tana yagunta. Na rufe littafin na taɓa aljihuna, mabuɗin yana nan.

Shaidar kashi na biyun tana cikin gidana. Muna da kyanwa da muke bari a ɗakin littattafai saboda ɓeraye. Ranar tafiya na kusa kulle ta a ciki, autarmu mai shekara tara ce ta koma da gudu ta fito da ita, tana cewa ai Baba ya ce wata mata ta shiga wuta. Ba wanda ya bar wa kyanwar nan ko ƙashin kifi, amma na same ta a kan katanga tana lasar jiki, ta ma fi yadda muka bar ta ƙiba, don gidaje huɗu take zagayawa. Haka wata kaza mai kwanci da ta ɓuya a bayan tarin itace, muka manta da ita ba mu sa ta akurki ba. Ita ke fita ta tona abin da ta tona, ta sha a inda yaron ke zubar da ragowar ruwa, ta koma kan ƙwanta. Waɗanda na manta da su sun rayu. Waɗanda na tsare don kada a sace su ne suka mutu.

Wani zai ce da ni: Liman, ashe ba Allah ne Ya ɗauki nauyin arzikin kowace dabba ba, kamar yadda ya zo a aya ta 6 ta Suratu Hud? Ƙwarai kuwa, kuma ba mai ja da wannan. Sai dai ka tuna hadisin tawakkali da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar, wanda aka buga misali da tsuntsu: yana fita da safe da yunwa, ya dawo da yamma a ƙoshe. Fita yake yi. Ranar da ka datse masa ƙofa ka ɗauke masa sababin da Allah Ya hore masa, ka mai da kanka sababin. Daga wannan lokaci arzikin da aka rubuta masa ta hannunka zai biyo, kuma kai za a tambaya idan ya tsaya a hanya.

Malaman mazhabarmu ba su bar wannan a babin ɗabi'u da kyautatawa kaɗai ba. Shehu Halil, a cikin Muhtasar, a babin nafaƙa ya ajiye shi, wuri ɗaya da ciyar da mata da ƴaƴa da iyaye. Ma'anar abin da ya kawo shi ne ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci da kanta, idan kuwa ya ƙi ko ya gaza sai a fitar da ita daga hannunsa ta hanyar sayarwa. Ya hana a ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta, kuma bai halatta a tatsi nononta ba sai gwargwadon da ba zai cutar da ɗanta ba. Ka lura da sharaɗin makiyaya, a nan zamaninmu ya bambanta da na iyayenmu. A Tibiri gidan mahaifiyata darni ne na kara, kaza ta bi ta ƙasansa ta tafi gindin rumbu, ta tafi masussuka, ta dawo da yamma. Ba a taɓa yin ranar da gida ya zama ba kowa, ko biki za a je sai an bar wata tsohuwa. Yanzu mun zagaye kanmu da katangar siminti da ƙofar ƙarfe, mun shafe tsakar gida da daɓe, motoci kuma sun sauƙaƙa wa iyali su tashi gaba ɗaya. Kazar birni ba ta da makiyaya sai tafin hannunka, saboda haka hukuncin wajabci ya hau kanka ba tare da wata kafa ba.

Sai batun yaron. Ba zan ɓoye muku ba, da na ga mushen farko abin da ya fara zuwa bakina faɗa ne, kuma na san a gidaje da yawa da bulala za a rufe wannan labari. Amma a babin ajiya na wannan littafin dai an bayyana cewa wanda ya ba yaro ajiya, ta lalace a hannunsa, babu biya a kan yaron, ko da da izinin iyayensa aka ba shi, domin mai dukiya shi ya sa dukiyarsa inda ba ta da tsaro. To wannan ma idan yaron ne ya lalata. Nawa almajirin ya yi abin da babba bai yi ba. Hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa, shi ma a cikin Buhari da Muslim yake. A tsakar gida ɗaya, a mako ɗaya, an sami wanda ya yi kama da mai kare, an sami wanda ya yi kama da mai kyanwa, kuma mai rawanin ba shi ne na farkon ba. Na kira shi gaban ɗalibai na wanke shi, na roƙe shi gafarar nauyin da na ɗora masa ba da kayan aiki ba. Kunya ta hana shi ɗaga kai, ni ma haka.

Kada wani ya fahimci cewa ina yanke wa kaina ko waninku hukuncin waccan mata. Ita da gangan ta tsare har mutuwa, nawa sakaci ne, kuma shari'a ta raba tsakanin mai ganganci da mai kuskure. Sai dai sakaci da abin da aka wajabta maka tsarewa ba ya cikin kuskuren da ake ɗauke wa alƙalami gaba ɗaya, musamman da aka ba ni shawara na ƙi, kuma na ƙara kwana huɗu ina da waya a hannu. Babu wata kaffara ƙayyadadda a kan irin wannan, abin da ke akwai shi ne tuba da istigfari, da yawaita alheri, da mayar da haƙƙi ga masu shi. Haƙƙin kajin kansu ba ni da hanyar biyansa a duniya. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu, kuma zuwa ga Ubangijinsu ake tara su. Wannan ce ayar da ta hana ni barci.

Akwai kuma haƙƙin mutane, wanda mu maza muka cika mantawa. A cikin shidan da suka mutu zakara ne kaɗai nawa. Huɗu na uwargida ne, ɗaya ta auta. Kajin mace su ne asusunta: da su take sayen magani idan yaro ya kwana da zazzaɓi, da su take sayen littafin lakkwal, da su take fita kunyar baƙo. Dukiyarta ce, aure bai mallaka mini ita ba, kuma ni na kulle ta da hannuna bayan ta nuna mini hanyar da ta fi. Ranar Litinin na shiga kasuwa na sayo kaji biyar. Ta ce: "Haba Malam, tsakaninmu har da biya?" Na ce yafewarki alheri ce, amma sai abin ya shiga hannunki tukuna, in ya so ki yi yadda kika ga dama. Ta karɓa, ta yanka ɗaya ta dafa wa almajirai.

Hutun ƴan lakkwal yana tafe, bayansa ga masu zuwa ganin gida da masu rakiyar alhazai. Idan za ka rufe gidanka, ka tsaya a tsakar gida kafin ka ɗauki jaka, ka ƙidaya masu rai da za ka bari, har da tantabarun da ke saman soro da tsuntsun da yaro ya sa a keji. Ka damƙa su ga baligi mai hankali, ka gaya masa da baki abin da suke ci da yawan ruwan da suke sha, ka bar masa mabuɗin kowace ƙofa da ke tsakaninsa da su. Wanda ba ka amince masa da mabuɗi ba, kada ka ba shi amanar rai. Ka ajiye abinci da ruwa na ninkin kwanakin da ka yi niyya, domin matafiyi ba ya mallakar ranar dawowarsa, ka bar kuɗin ga-ruwa, ka sa dutse a cikin kasko kada ya kife, ka raba ruwan wuri biyu a inuwa. Idan ba ka sami mai riƙe maka ba, kai su ƙauye, ko ka sayar, ko ka yanka ku ci, duk halal ne. Kai kuma maƙwabci, idan ka ji kukan dabba a gidan da aka kulle, ka nemi mai gidan ta waya, in bai samu ba ka kira mai unguwa da shaidu biyu a buɗe. Ni dai na ba da izini tun yanzu a kan nawa gidan, ku fasa, kwaɗo bai kai jikka ɗaya ba. Na kuma yi magana da ladan, duk wanda zai yi tafiya daga cikin jama'ar masallacinmu ya shaida masa abin da ya bari da wanda ya bar wa.

Mai kwancin nan ta cika kwananta 21, ta ƙyanƙyashe tara, suna nan suna bin ta a gindin darbejiya. Zakara ban sayi wani ba tukuna. Abu Dawuda ya ruwaito hani ga zagin zakara saboda yana tayar da mutane salla, nawa kuwa shekara uku yana riga ladan, yanzu na gidan bayanmu nake ji daga nesa. Auta ta ƙi karɓar kazar da na sayo mata, ta ce tata mai wake-wake ce, tana cin tsaki a tafin hannunta, wannan kuwa gudunta take yi. Na ce to ta zaɓi ɗaya a cikin ƴan tsakin idan sun yi gashi. Ta ce za ta duba. Har yanzu ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban matsa mata ba.

Ku sa ni a addu'a. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.